Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Turkiyya Kan Kisan Armeniyawa

Mai Girma Shugaba Recep Tayyip Erdoğan, assalamu alaikum.

A 2005 ka nemi a kafa kwamitin masana tarihi tare da Armeniya, a 2014 kuma ka yi wa jikokin Armeniyawan da suka mutu a Daular Usmaniyya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta'aziyya. Mu masu nazarin tarihin Daular Usmaniyya ta Turkiyya muna so ka san inda gardamar take.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ta sharɗanta niyyar shafe al'umma kafin a kira abu kisan ƙare dangi, kuma a nan masana suka rabu. Guenter Lewy ya ce ba a tabbatar da cewa gwamnatin daular da ke Santambul ce ta shirya kisan ba. Vahakn Dadrian ya ce tun kafin yaƙi aka ƙulla. Donald Bloxham da Ronald Suny suna ganin niyyar ta ƙullu ne mataki-mataki cikin 1915, bayan kashin da sojojin daular suka sha a hannun Rasha a Sarikamish da faɗan da suka yi da Armeniyawa a garin Van. Akasarin masana dai sun yarda niyyar ta wanzu, lokacin ƙulluwarta ake muhawara a kai.

Mu ma haka muka gani, domin ana gane niyya daga aiki ko da babu rubutaccen umarni. Dokar ƙaura ta Mayun 1915 ta kafa hujja da tsaron fagen daga, amma an kwashi mutane har daga Ankara da Bursa, inda babu yaƙi. An ware maza an kashe, an tasa ƙeyar mata da yara zuwa hamadar Siriya, an kuma yi umarni kada su wuce kashi 10 cikin 100 na Musulmin inda aka sauke su. A 1916 an sake karkashe waɗanda suka kai Deir ez-Zor da rai. Gwamnan Ankara, Mazhar Bey, ya ƙi bin umarni, aka tsige shi. Hüseyin Nesimi, hakimin gundumar Lice, wanda shi ma ya ƙi, kashe shi aka yi. Musulmi ne su, kuma sun cancanci Turkiyya ta riƙa tunawa da su.

Matsalar ita ce takardu. Ainihin kundayen kotunan soja na 1919 zuwa 1920, waɗanda suka yanke wa shugabannin daular na lokacin yaƙin, Talat, Enver da Cemal, hukuncin kisa a bayan idonsu, sun ɓace. Shi ya sa ake ta ja-in-ja kan wayoyin tangarahun da Aram Andonian ya wallafa a 1920 a matsayin umarnin kisa daga Talat: Orel da Yuca sun ce na jabu ne a 1983, Taner Akçam ya kawo hujjojin sahihancinsu daga baya.

Muna roƙonka ka buɗe wa kowane mai bincike rumbun sojoji na Ankara, musamman takardun Teşkilat-ı Mahsusa, rundunar sirri ta daular da ake zargi da hannu a kisan, ba tare da an zaɓa masa abin da zai gani ba. Ka kuma sa a soke sashe na 301 na dokar laifuka, mai haramta cin mutuncin al'ummar Turkiyya, wanda aka hukunta Hrant Dink, ɗan jarida Ba'armene na Turkiyya, da shi kafin a harbe shi a Janairun 2007. Masanin da ke tsoron gurfana a kotu ba zai iya faɗin abin da ya gani a kwamitin da ka nema ba.

Wassalam.