Kada ka sayar da gilasan Baba

Tudun Wada, Kaduna.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma zafin Jidda ya ɗan sassauta muku. Mu nan sai godiya. Damina ta ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa da asuba, yara har sun soma neman rigunan sanyi. Shekaranjiya na leƙa gida na gaida Hajiya, na same ta garau, ta ce in tuna maka kiran ranar Juma'a, kwana biyu ka yi mata wuyar ji.

Saƙonka na murya sau uku na saurara. Na yi murna da jin ka sami kyamarar Fujifilm GFX 50S II ta hannu, Allah Ya sa albarka, Ya sa abin neman halal ce. Amma da na ji ka ce za ka tattara gilasanka na Canon da tsofaffin nan na marigayi Baba ka sayar, don ka haɗa kuɗin gilashin GF guda ɗaya, wato wanda Fujifilm ta ƙera wa wannan kyamarar, sai na ajiye wayar na ce wannan magana ta fi ƙarfin saƙon murya, zama zan yi in rubuta. Don Allah ka dakata har ka gama karanta wannan.

Ka san shekara biyu ke nan ina aiki da GFX 50R, kuma har yau gilashin kamfanin guda ɗaya tak gare ni, ƙaramin nan na 50mm. Duk sauran aikina da adafta nake yi. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa tazara ce kawai. Kowane gilashi an ƙera shi ne don ya zauna a wata tazara daga fim ko sansa, wato allon da ke kama hoto a cikin kyamarar zamani. A GFX tazarar nan gajeriya ce, milimita 26.7, tunda babu madubi a cikinta. Gilashin Canon EF yana son 44, na Nikon 46.5, masu zaren nan na Pentax ɗin Baba, da ake kira M42, kusan 45 da rabi. Adafta kuwa zobe ne da ke cike gurbin da ya rage, na Canon kaurinsa 17.3 ke nan. Duk gilashin da tazararsa ta fi ta kyamarar zai hau. Wanda bai kai ba, irin na Sony E mai 18, ka manta da shi.

Kuma ka yi dace da zaɓi. Labulen ɗaukar hoto na GFX, wato shota, a jikin kyamarar yake, saboda haka ko wane gilashi ka ɗaura za ta yi aikinta. Hasselblad X1D ba haka take ba, nata yana cikin gilasanta ne, in ka sa mata baƙon gilashi sai dai ka dogara da shota ta lantarki, wadda ke karanta sansar a hankali har abu mai motsi ya karkace.

To amma hawa daban, rufewa daban, kuma nan ne maganar take. Ka tuna yadda muke haska tocila a bangon ɗaki muna yara? Haske da'ira yake fita. Haka gilashi yake zuba hoto a bayansa, da'ira, ita kuma sansa mai kusurwa huɗu tana zaune a tsakiya. Sansar kyamarorin da ka saba da su milimita 36 ce da 24, daga kusurwa zuwa kusurwa 43 da ɗan ɗori. Wannan taka sabuwa 43.8 ce da 32.9, kusurwa zuwa kusurwa kusan 55, faɗin filinta ya ninka na waccan sau 1.7. Gilashin da aka ƙera don ƙaramar, babu wanda ya yi maka alkawarin da'irarsa za ta kai 55. Wasu suna kaiwa har da rara, domin maƙeran sun bar musu sarari. Wasu sai su bar maka inuwa mai laushi a kusurwoyi, wadda kwamfuta ke gyarawa, ni wani lokacin ma barinta nake yi a hoton mutum saboda tana jawo ido zuwa fuska. Wasu kuwa baƙi ƙirin za ka gani a kusurwoyi huɗu, kamar kana leƙe ta cikin bututu. Wannan ba ya gyaruwa, sai yanka.

Ba a gane wannan da suna ko tsada, sai an gwada. Ni ga yadda nake yi. Ina hawa saman bene da hantsi, in cire hular gilashin domin ita ma tana kawo baƙi, in kai saiti can ƙarshen nesa, in ɗauki sararin sama da ƙofar hasken gilashin a buɗe, in tsuke ta in sake ɗauka a f/8 da f/11. Dole ka yi a nesa, domin da'irar tana ƙara faɗi in ka matso kusa, shi ya sa gilashin da ya ruɗe ka da kyau a hoton fuska zai iya ba ka kunya a hoton gini. Dole kuma ka tsuke ƙofar haske, domin baƙin da ya yi kamar hayaƙi a buɗe yana fitowa da kaifi in an tsuke. A cikin naka, wannan siririn 40mm f/2.8 da kake rainawa yana cikin waɗanda suka fi rufewa, na gwada irinsa da hannuna. Na 85 zuwa sama yawanci ba sa ba da wahala. Masu zuƙowa, musamman a ɓangarensu mai faɗi, su ne ke yawan gazawa. Na EF-S, waɗanda Canon ta ƙera don ƙananan sansa, kada ma ka ɓata lokacinka.

Ko wanda ya gaza ɗin bai zama na yarwa ba. In ka sa kyamarar ta yanka murabba'i, ko biyar da huɗu, baƙin kusurwoyin ya ragu ko ya tafi, kuma abin da ya rage ya fi ƙarfin duk wani firem da za a rataye a falo. Akwai ma wurin da za ka ce mata ta ɗauka da girman 35mm, ta ba ka megafiksil 30 da ɗoriya maimakon 51. Sannan ka riƙe lissafi ɗaya: ka ninka lambar gilashi da 0.79. Na 50 zai yi maka faɗin na 40 da ka sani, na 85 ya koma kamar 67. Wannan ya ɗan ɗauke ni lokaci kafin ƙafata ta saba da inda za ta tsaya.

Yanzu ga abin da ya sa na ce sai na rubuta. Ka tuna Mamiya 645 ɗin Maigida da ya koya mana ɗaukar hoto, Allah Ya jiƙansa, wadda ba ya bari ko madaurinta mu taɓa? Bayan rasuwarsa uwargidansa ta aiko a kira ni, ta miƙo mini jakar, ta ce ya fi kyau ta zauna a hannun wanda ya san darajarta. Kyamarar ta daina aiki, amma gilashin 80mm f/1.9 yana nan tas, sai 'yar ƙura. Shekaru ya yi a durowata, ina fito da shi in goge in mayar. Ranar da adaftarsa ta iso na ɗaura shi, na kira ƙaramar 'yata ta tsaya a bakin zaure wajen la'asar sakaliya. Da na buɗe hoton a kwamfuta sai na yi shiru. Wannan laushin fata, da yadda bango ke narkewa a baya ba tare da hayaniya ba, shi ne na hotunan amaren da muke wankewa a ɗakin duhu a shekarun koyonmu. Ashe ba fim kaɗai ba ne, hannun gilashin ne. An ƙera shi don fim mai 56 da 41.5, ya girmi sansar nan, don haka ta zauna a tsakiyar da'irarsa inda ya fi kyau, babu baƙi ko kaɗan. Gaskiyar Hausawa ce, da tsohuwar zuma ake magani. Tun daga ranar, duk hoton da na ɗauka na dattijo ko na amarya a zaune, da shi ne.

In kuwa ka ci karo da gilasan Mamiya 645 ko Pentax 645 ko Pentax 67 a shagunan tsofaffin kaya na can, ka tsaya ka duba, su ne mafi tabbas. Na Pentax 67 dai akwai nauyi, 105mm f/2.4 da adaftarsa sai wuyan hannu ya gaya maka. Na Mamiya RB67 kuma ba su da zoben saiti a jikinsu, kyamarar ce ke miƙewa da zuga-zugi, sai ka nemi adafta mai nata zoben.

Game da na Baba, Takumar 50mm f/1.4 ɗin da ke kan Pentax Spotmatic ɗinsa, ka ce ya yi rawaya ya lalace. Bai lalace ba. Yawancin irinsa an haɗa gilashinsu da sinadarin toriyom, shi ke sa su yin ruwan shayi bayan shekaru, kuma hasken rana yana wanke shi a hankali. Ka ajiye shi a taga na wasu makonni, bayansa yana kallon haske, ka naɗe jikinsa da takardar alminiyom kada zafin garinku ya narkar da man da ke ciki. Ni da nawa ne ma sai na fara ɗaukar hotuna da rawayar tukuna. Da wannan gilashin aka ɗauki hoton sunanka, wanda ke rataye a ɗakin Hajiya. Nawa za a ba ka a kansa? Bai kai kuɗin cefanen mako biyu ba. Ka bar shi ya ɗauki 'ya'yanka.

Kada ka yi rowa wajen adafta. Ni na yi, na sayi wata mai araha ta intanet, ban gane matsalarta ba sai da na je wurin shaƙatawa na Gamji ɗaukar tsohuwar gadar Lugard, wadda aka ɗauko daga Zungeru. Na juya zobe har ƙarshe, bishiyoyin nesa sun ƙi fitowa. Ashe ta ɗara kaurin da ya kamata da abin da bai kai kaurin farce ba. In adafta ta ɗan gaza kauri babu laifi, saiti zai wuce nesa kaɗan ka dawo da shi. In ta yi kauri kuwa, nesa ta kuɓuce maka ke nan. Wani dattijo mai injin gurza ƙarfe a Panteka ne ya cece ni, ya auna, ya ɗan shafe fuskarta, ta zauna daidai. Cikinta kuma ƙyalli yake yi, yana mayar da haske kan sansa hoto ya yi fari-fari, sai da na shafa baƙin fenti marar sheƙi. Araha ba ta ado. Gilasan Canon kuwa ba su da zoben ƙofar haske, wajibi ne adaftarsu ta zama mai lantarki. Ta Fringer nake ganin abokan aiki sun fi yabawa, ita ma na saya daga baya.

Da ka ɗaura, ka shiga saituna ka kunna izinin ɗauka ba tare da gilashi ba, in ba haka ba maɓallin ba zai amsa ba, domin kyamarar ba ta san akwai wani abu a gabanta ba. Ka kuma rubuta mata lambar gilashin. A taka wannan ya fi muhimmanci, tunda tana da na'urar hana rawar hannu wadda tawa ba ta da ita, kuma da lambar take lissafi.

Ba zan ɓoye maka wahalarsa ba. Saiti da hannu a f/1.9 a kan babbar sansa, in ka sami ƙwayar ido ka rasa kunne, in mutum ya yi numfashi ya matsa ka rasa duka. Watannin farko na zubar da hotuna da yawa. Sai na koma tsarin Maigida: ƙafa uku, a zaunar da mutum, a yi hira har kafaɗunsa su sauka, a faɗaɗa hoton a allo a duba ido, sannan a danna. Ko da adafta mai lantarki, saitin kai-tsaye na waɗannan masu megafiksil 51 ba mai sauri ba ne. Na kai ta hawan Sallah a Zariya sau ɗaya, dawakai suka zo a sukwane, ban dawo da abin kirki ba sai hotunan dogarai a tsaye, waɗanda kuwa sun yi kyau ƙwarai, kana iya ƙirga zaren rawani. Wajen kamu da rawar 'yan mata har gobe Canon nake ɗauka. Shi ya sa nake cewa ko jikin Canon ɗin kada ka rabu da shi. Filasha ma iyakarta 1/125 na daƙiƙa, da tsakar rana sai ka sa gilashin rage haske a gaba. A ɗakin taro mai fitilun zamani kuma ka guji shota ta lantarki, layi-layi za ta zana maka a fuskar amarya.

Sai ƙura. Mai adafta kullum cikin cirewa da ɗaurawa yake, sansar kuma ga ta a fili ba madubin da zai kare ta. A hunturun bara sai da na goge ta sau uku. Yanzu kowane gilashi na saya masa adaftarsa ta zauna a jikinsa, in zan canza in shiga mota in rufe, in kifa bakin kyamarar ƙasa. Da damina kuma fumfuna ce abokiyar gaba, tana shiga tsohon gilashi ta yi saƙa kamar ta gizo-gizo. Kai da ke bakin teku sai ka fi ni kula. Ka fito da na Baba daga jakar fatar nan yau ɗin nan, fata tana riƙe danshi, ka sa su a roba mai murfi tare da ƙullin nan masu shan danshi.

Gilasan GF suna da kyau, ban musa ba, 110mm f/2 ɗin da kake so na taɓa aro na yini guda, na san abin da ya ja ka. Ka tara kuɗinsa a hankali daga aiki. Kafin nan ka sayi adafta biyu, ta Canon da ta M42, ka hau saman gidanku ka yi gwajin nan, ka turo mini hotunan yadda suka fito ba gyara, mu duba tare.

In mai zuwa ya samu kafin azumi, ina son murfin baya na Mamiya 645 guda biyu, nan na zaga har kasuwar Gumi ban samu ba. Zan ba Hajiya kuɗin, ko in tura maka. Akwai kuma hoton uwargidan Maigida da na ɗauka da gilashin mijinta, na wanke biyu, ɗaya naka ne, yana nan a ambulan.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Mutanen majalisa duk suna gaishe ka. In ka je Makka ka sa mu a addu'a, ka sa Baba da Maigida.

Wassalam,
Naka har kullum,
Amininka na Tudun Wada.