Sanarwa ga ƴan rukunin ɗaliban kimiyya na Damagaram

Assalamu alaikum, ɗalibai da malamanmu masu daraja.

A zamanmu na ranar Asabar bayan La'asar za mu tattauna ƙa'idar da Lavoisier, masanin sinadarai ɗan Faransa, ya tabbatar a ƙarni na 18, wato jimillar nauyi ba ta raguwa kuma ba ta ƙaruwa idan sinadarai sun haɗu sun rikiɗa. Ɗalibai da yawa suna ganin gawayin shayi ya cinye ya bar ƴar toka, sai su ɗauka nauyin ya salwanta, alhali kowane giram 12 na karbon, sinadarin da ke cikin gawayin, yana haɗuwa da giram 32 na oksijin da ke cikin iska, su zama giram 44 na iskar da ke tashi sama. Wannan kuskure yana damuna ƙwarai, shi ya sa nake roƙon kowa ya halarta da littafinsa.