Rahoton Kwamitin Gyaran Tsohon Zaure: Ɗakin Karatu Mai Ƙofa Biyu

Bayan gaisuwa ga shugabar makaranta, da malamanmu, da iyaye, da 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, da ƙannenmu da ke cikin aji yanzu. Aikin da kuka ɗora mana na mayar da tsohon zauren taro ɗakin karatu ya kammala. Mun karɓi makullai daga hannun injiniya, ga kuma bayanin abin da aka yi da dalilin yin sa.

Duk wadda ta yi karatu a nan ta san zauren. Tun da aka gina sabon ɗakin taro ya koma ma'ajiyar karyayyun kujeru, rufinsa na yoyo, gara ta cinye katakon silin. Abin da aka fara nema a wurinmu shi ne a gyara shi ɗalibai su sami inda za su yi bita kafin jarrabawa. A zamanmu na biyu ne wata yayarmu, wadda ta gama makarantar tun ba a haifi 'yan ajin yanzu ba, ta ce ita ma a ajiye mata kujera, domin ta koma karatun ungozoma, kuma a gidanta babu inda za ta buɗe littafi yara ba su hau kansa ba. Malaman da ke cikin kwamiti suka ce su ma haka: manhaja na sauyawa, ana so su koyar da abin da ba a koya musu ba, amma ofishin malamai wurin duba takardu ne da amsa sallamar iyaye. Daga ranar muka daina tsara ɗaki don 'yan jarrabawa kawai, muka fara tsara shi don masu karatu iri uku. Ana cewa gemu ba ya hana ilimi. Mu da ba mu da gemu sai muka ce furfura da goyo ma ba sa hanawa.

Wannan shawara ce ta haifi doguwar muhawarar ƙofa. Zauren na jingine da katangar makaranta, ƙofarsa ɗaya ce, tana kallon azuzuwa. In aka bar shi haka, duk tsohuwar ɗalibar da za ta zo da yamma sai ta ratsa makarantar gaba ɗaya, wanda shugaba ba ta yarda da shi ba, kuma tana da gaskiya, domin amanar 'ya'yan mutane ce a hannunta. Wasu iyaye suka ce to a bar tsofaffin ɗalibai su riƙa aron littafi ta hannun mai gadi. Ba mu yarda ba. Yayarmu ba littafi ta ce ta rasa ba, wurin zama ta rasa. A ƙarshe aka fasa ƙofa ta biyu a ɓangaren da ke kallon waje, da sharaɗi guda: ba za a taɓa buɗe su biyun a lokaci ɗaya ba. Da safe zuwa tashin makaranta ta ciki ce a buɗe, da yamma da ranakun hutu kuma ta waje. Malamai suna shiga ta kowace.

Fasa ƙofa a tsohon bango ba aikin guduma kaɗai ba ne. Sai da birkila ya tokare saman bangon, aka zuba linta ta kankare da rodi a ma'aunin da aka saba, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Aka yi ta ba ta ruwa safe da yamma har kwana 7. Injiniya ya hana a ɗora mata nauyi da wuri, domin a kwana na 28 ne ake auna ƙarfin kankare. Mun ji ƙorafin cewa aiki ya tsaya a waɗancan makonni. Bai tsaya ba, siminti ne ke nasa aikin.

Dandamalin ƙofar waje ya fi ƙasa tsayi da santimita 30, don haka maimakon matakala aka yi gangara. Ƙa'idar ita ce kowane santimita ɗaya na tsayi a ba shi 12 na tsawo, shi ya sa gangarar ta kai mita 3.6. Ƙyauren kuma faɗinsa santimita 90 ne, keken guragu na shiga ba tare da an ɗaga kowa ba.

Abin da ya fi cin lokacinmu danshi ne. Da aka kwashe kujerun muka ga filasta ta kumbura daga ƙasa har kusan ƙugun mutum, da wani farin gishiri a jikin bango. Injiniya ya bayyana mana cewa ruwan ƙasa ne ke hawa ta cikin bulo kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, saboda ba a sa abin da zai tare shi ba lokacin da aka yi harsashin ginin. Wata daga cikinmu ta ce a shafe da fenti mai kauri a huta. Da ajin darasi ne wataƙila da mun bi ta, amma takarda ba ta shiri da laima: ta yi fumfuna, ta manne, sannan gara ta bi sawun danshin ta ƙarasa abin da ya rage. Saboda haka aka kankare tsohuwar filasta har abin da ya ɗara mita ɗaya, aka bar bangon ya sha iska, aka sake yaɓe da siminti mai haɗin maganin ruwa. Daɓen ƙasa ma an fasa shi, an yi feshin maganin gara, an shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba sabo. A waje kuma aka yi magudana da ke janye ruwan indararo daga gindin bango, tun da can ne tushen matsalar.

A kan rufi mun yi kuskure, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Kafintan farko da muka ɗauka ya yi tsimin kwano, bai haɗa bakunansu yadda ya kamata ba, mu kuma ba mu sa an hau an duba ba kafin mu sallame shi. Ruwan farko ya tona asiri: sabon silin ya jiƙe a kusurwa biyu. Aka kira wani ya kwance wannan ɓangaren ya sake bugawa. Tun daga nan ba mu ƙara biyan kowa cikon kuɗinsa ba sai injiniya ya sa hannu.

An buɗe tagogi a bango biyu masu kallon juna don iska ta riƙa ratsawa, an sa musu raga. Da yake yanzu za a yi karatun yamma, mai wayarin ya jera fitilu a kan tebura kai tsaye, ya auna hasken da na'ura har ya kai lux 500, wanda shi ne ma'aunin da ake so a teburin karatu. Akwai sola da batir, da soket a gefen kowane tebur saboda masu darasi ta intanet.

Kantocin littattafai na ƙarfe ne, an ɗaga su daga ƙasa, an janye su kaɗan daga bango, kuma babu wadda tsawonta ya wuce santimita 90, domin doguwar kanta lanƙwasa take yi idan littattafai sun cika ta. Malamar da za ta kula da ɗakin ta jera su bisa tsarin jera littattafai da Melvil Dewey, wani masanin ɗakin karatu Ba'amurke, ya fitar a 1876, mai rukuni goma daga 000 zuwa 900. Mun nemi ta ware sashen ɗalibai daban da na manya, ta ƙi. Ta ce a bar littafin kimiyyar 'yar aji ɗaya a lamba 500 kusa da na malamarta, a bar na aikin lafiya a 610 inda yarinya mai neman wani abu za ta yi tuntuɓe da shi. Mun ga dalilinta. Haka ma teburin musamman da aka ce a ware wa malamai, su da kansu suka ce ba sa so, gara ɗalibai su riƙa ganinsu da littafi da biro suna fama kamar kowa.

Ƙaramin siton da ke kusurwa an mayar da shi ɗakin yara, da taga ta gilashi tsakaninsa da babban ɗaki, uwa na karatu tana hango ɗanta. Babu shi a tsarin farko. Masu goyo a cikinmu ne suka dage, kuma a ganin kwamiti shi ne zai raba tsakanin wadda za ta zo sau ɗaya da wadda za ta riƙa zuwa.

A takardar neman gudummawa mun ambaci muradi na 4 cikin muradun ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, wanda ya yi maganar bai wa kowa damar neman ilimi tsawon rayuwarsa. Mun sa shi ne don masu son ganin irin wannan a rubuce. Yawancin waɗanda suka bayar ba su ko karanta takardar ba, jin cewa za a buɗe musu ƙofa ya ishe su. Muna godiya gare su, da leburori da magina, da 'yan ajin ƙarshe da suka kwashe ranakun hutunsu suna manna lambobi a bayan littattafai. Lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita yana wurin ma'aji tare da rasiɗai, duk mai son dubawa ta nema.

Abu biyu suka rage. Bangon gabas bai gama bushewa ba, don haka an yi masa farar ƙasa kawai, fenti sai bayan damina idan gishirin bai dawo ba. Sannan har yanzu ba a tsayar da waɗanda za su riƙa zama a ƙofar waje da yamma suna rubuta sunan masu shiga ba. Mun bar takarda a ofishin shugaba, duk 'yar'uwar da za ta iya ɗaukar yini ɗaya a mako ta je ta rubuta sunanta da ranar da ta zaɓa.

Sakatariya, a madadin kwamiti.