Waƙa a Bakin Mai Ita: Amsa ga Ɗalibata Kan Wilfred Owen

Assalamu alaikum, 'yata.

A zaman nazarinmu na makon jiya kin miƙe gaban jama'a kin tambaye ni: idan mawaƙi da kansa ya faɗi abin da waƙarsa ke nufi, mu kuma me ya rage mana? Kika ƙara da cewa ai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, balle waƙar yaƙi, wadda mai ita ya ga abin da mu ko a mafarki ba mu gani ba. Kiran magariba ya katse mu, shi ya sa na ce bari in amsa miki a rubuce inda kowa zai gani.

Ina tare da ke a rabin maganar. Wanda ya kwana cikin ramin yaƙi ya fi ni haƙƙin a fara sauraronsa, kuma raina yana ɓaci in na ga mai nazari ya tsallake bayanin mawaƙi ya ɗora masa abin da bai taɓa faɗa ba. Sai dai mutumin da yaƙi ya ji wa ciwo a zuci ba ya faɗin abin da ya same shi gaba ɗaya a wuri guda. Yakan ajiye wani a nan, wani a can. Tunda Wilfred Owen muke karantawa, mawaƙin Ingila da ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, bari mu tsaya a kansa.

Ranar 16 ga Janairun 1917 ya rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa daga Faransa. Ƙaramin hafsa ne a rundunar Manchester, yana da shekara 23. Ya gaya mata an tura shi ya riƙe wani ramin ƙarƙashin ƙasa da Jamusawa suka bari, a filin da ke tsakanin rundunonin biyu. Mutum 25 a cunkushe, ruwa ya kwanta a ciki yana hawa har gwiwa, ƙofa ɗaya ta rufta, bama-bamai na sauka ba ƙaƙƙautawa. Awa 50 suka yi a haka. Har ya ce mata saura kaɗan ya saki jiki ruwan ya cinye shi. Can wajen ƙarshe sai ya kawo zancen masu gadi: ya sa nasa sun tsaya a tsakiyar matakala don kada wuta ta same su, amma duk da haka bam ya wurgo yaro ɗaya ƙasa, kuma yana tsoron ya makance. Jimla ɗaya ke nan, ya wuce.

Yanzu ɗauko waƙarsa "The Sentry", wato mai gadi, wadda ya fara a asibiti a 1917, ya kammala a 1918 bayan ya koma fagen daga. Wannan jimla guda ita ce ta zama waƙa sukutum. Yaron ya gangaro cikin taɓo yana kukan idonsa, yana cewa ya makance. Owen ya kunna wuta ya kai ta dab da fatar idonsa, yana lallashinsa cewa in dai yana ganin ko ɗan dishi-dishi to zai warke. Yaron ya ce ba ya gani. Idanun sun kumburo ƙwala-ƙwala, kuma mawaƙin ya ce har yanzu suna kallonsa cikin mafarki. Sannan ya faɗi abin da bai gaya wa uwarsa ba: ya manta da yaron a wurin, saboda dole ya sa wani a gadi, ya aika a nemo abin ɗaukar majinyaci.

Da bayanin mawaƙi ne kaɗai alƙali, da sai mu ce abin bai kai ya kawo ba, tunda layi ɗaya ya ba shi. Amma ki tuna wa yake rubuta wa. Ɗa ne yake magana da mahaifiyarsa, kuma kwana kaɗan da faruwar abin, ciwon bai gama bayyana ba. Sai a watan Yuni na wannan shekara aka kai shi asibitin Craiglockhart da ke Edinburgh, yana in'ina, mugayen mafarkai sun hana shi barci. A can ya haɗu da mawaƙi Siegfried Sassoon, a can kuma likitansa Arthur Brock ya ƙarfafa masa gwiwar ya riƙa aiki da rubutu.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa yana cikin wasiƙar ne, babu shi a waƙar. Kafin ya ambaci yaron da ya makance, ya ce a ramin da ke hagunsa bam ya yi kaca-kaca da masu gadi, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne sojan da aka fara ba shi ya riƙa yi masa hidima, ya ƙi shi. Ya ce da ya riƙe shi da yana raye, domin masu yi wa hafsa hidima ba sa gadi. Ranar da na fara cin karo da wannan layi sai da na rufe littafin na ɗan zauna shiru. Daga ranar, duk lokacin da na karanta waƙar masu gadi biyu nake gani, ɗaya a cikinta, ɗaya a bayanta. Ba don wasiƙar ba, da ban san da na biyun ba. Kin ga a nan maganarki ta fito.

Ga wani wurin kuma da bakin mai waƙar ya rabu biyu. A cikin waƙar ya ce yana ƙoƙarin kada ya tuna waɗannan abubuwa. A wata wasiƙa ta Fabrairun 1918 kuma ya gaya wa mahaifiyarsa cewa 'yan mafarkan yaƙin da yake yi yanzu shi yake jawo su da gangan, ta hanyar zama da yamma yana tunanin yaƙi, don yana ganin akwai nauyin da ya rataya a wuyansa. Wanne za ki ɗauka? Ni duka biyun na ɗauka. Haka ciwon yake: mutum yana gudun abin, yana kuma komawa gare shi da ƙafarsa. Wanda ya riƙe magana ɗaya ya yar da ɗaya bai ga Owen ba.

Gabatarwar littafin waƙoƙinsa da kowa ke haddacewa ma, inda ya ce batunsa yaƙi ne da abin tausayin da ke cikin yaƙi, zayyana ce da bai kammala ba. An kashe shi ranar 4 ga Nuwamban 1918, mako ɗaya kafin a tsagaita wuta, littafin kuma bai fito ba sai 1920. Na sha ganin ɗalibai sun ɗauki kalmar tausayi suna buɗe kowace waƙa da ita, har "Dulce et Decorum Est", alhali wannan fushi ne tsagwaronsa. A zayyanarta ta farko ma ya rubuta a samanta cewa zuwa ga Jessie Pope ce, marubuciyar da ke zuga samari su tafi yaƙi.

In Allah ya kai mu zama na gaba, ke za ki karanta mana wasiƙar Janairu da babbar murya, sannan waƙar. Ki tsaya a baitin ƙarshe, inda yaron ya ɗaga murya cikin hayaniya ya ce yana ganin fitilunsu, mawaƙin kuma ya ce nasu sun daɗe da mutuwa. A wasiƙar babu wannan ihu ko kaɗan. Ina so in ji daga bakinki: yaron ruɗewa ya yi, ko kuwa ya faɗa ne don ya kwantar wa hafsansa da hankali, kamar yadda hafsan ya yi ƙoƙarin kwantar masa da nasa? Na fi shekara goma ina juya wannan baiti, wani lokaci in karkata nan, wani lokaci can.

Ki gaida mutanen gida.

Malaminki.