Mu ma ɗaliban zane karatu muke yi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku mai farin jini in yi magana da yawun ɗaliban sashen zane-zane.

Duk hutun da na je gida sai kawuna ya tambaye ni, "Wai har yanzu fentin kake yi?" Ni kuwa sai in zaro naira ashirin in nuna masa hoton Ladi Kwali, wadda ginin tukwane ya kai ta har bayan kuɗin ƙasa. Dariya kawai yake yi.

Wahala kam akwai ta. Fenti da burushi da takardar zane duk daga aljihunmu suke fita, kuma kuɗinsu kullum gaba yake yi. Wata tukunya da na kwashe mako uku ina ginawa ta tsage a wuta saura kwana biyu a duba aikinmu. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Amma kwanan baya na zana wani tsoho a marinar Ƙofar Mata, hannayensa shuɗi har gwiwar hannu. Da ya ga zanen, sai ya ƙwala wa abokan aikinsa kira su zo su gani, ya hana ni tafiya sai da na sha fura.

Don Allah a riƙa aiko wakilinku bajekolin ayyukanmu na ƙarshen shekara.

Naku,
Wani ɗalibin zane, daga Kano