Zuwa ga ɗana, kan motar nan taka da ta ƙi ɗaukar wuta

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Saƙonka ya iso. Ka ce motar tana tashi bugu ɗaya, tana silo lafiya lau, amma da ka taka totur sai allurar agogon inji ta cije wajen 3,500, kamar an riƙe ta ta baya. Har ka canza fulogi, yanzu kuma ana ce maka ka sayo sabuwar kafireta. Kada ka saya tukuna. Na zaɓi in rubuto ne don a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana.

Da irin ta zamani ce mai kwamfuta, da sai a jona mata na'ura ta faɗi ciwonta. Taka ba ta magana, sai an lura da ita. Saboda haka kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka gane yadda take ƙin. Fitar da giya, ka ɗan ba ta wuta a tsaye, kada dai ka riƙe ta tana kuka. In a tsaye tana hawa sumul, sai a kan hanya ko a hawan tudu take shaƙewa, yawanci mai ne ba ya isa, ko wutar fulogi ta yi rauni. In ko a tsayen ma ta ƙi, ka fi zargin iska: ko ba ta shiga, ko hayaƙi ba ya samun hanyar fita.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Kashe inji, cire matacin iska, ka sa wani ya danne totur har ƙasa, kai kuma ka haska maƙogwaron kafireta da tocila. Akwai wani faifai can ciki. In an taka har ƙasa, ya kamata ya miƙe cak, kaifinsa kawai za ka hango. In ya tsaya a karkace, to wayar totur ce ta saki, ko shimfiɗar ƙafa ta tattare a ƙarƙashin feda. Wayar nan a hankali take miƙewa, shekara da shekaru, har direba ya saba bai sani ba. Kafiretarka mai maƙogwaro biyu ce, kuma a wasu motocin zuƙar inji ce ke buɗe na biyun, don haka ba za ka ga ya motsa ba in inji na kashe. Taɓa hannunsa da yatsa ka ji ko ya cije. Matacin iskar kuwa, ɗaga shi sama ka kalli rana ta cikinsa. In haske bai ratsa ba, ya gama aiki.

Ƙarancin mai yana da alamar da ba ta ɓuya. Ka taka, motar ta ja da ƙarfi na ɗan lokaci, sannan ta yi sanyi tana fizga. Ka sassauta ƙafa, ta farfaɗo. Dalili shi ne kafireta tana da ɗan kofin da take tara mai, inji ya shanye shi, famfo bai cika shi da sauri ba. Canza matacin mai da farko, shi ne mai arha. Sannan ka gwada wannan: da zarar ta shaƙe, tsaya gefen hanya ka buɗe murfin tanki kana kasa kunne. In ka ji ya zuƙi iska "fuuu", kuma bayan nan ta tafi daidai, kafar numfashin tankin ce ta toshe. Sai waɗannan sun fita daga zargi ake maganar famfon mai da wanke kafireta. Kuma ban da sigari ko wayar wuta a kusa, kada ka buɗe bututun mai a kan inji mai zafi.

Ta fannin wuta, buɗe murfin distiribita, mai raba wa fulogi wuta, ka murɗa rotar da ke tsakiyarta da hannu. Ta wani ɓangare za ta ɗan juya, in ka saki ta koma da kanta. A ƙarƙashinta akwai ƙarafa biyu masu sifirin da suke buɗewa in inji ya ɗau gudu, su sa wuta ta riƙa zuwa da wuri. In tsatsa ta kama su, motar za ta yi silo kamar sabuwa amma ba za ta hau ba. Duba tazarar kwantak, wato ƙarafan nan biyu da ke haɗuwa suna rabuwa a cikin distiribita, a motoci da yawa wajen milimita 0.4 ce, amma ka bi littafin motarka. Da dare kuma ka tayar da ita a cikin duhu ka dubi wayoyin fulogi. In ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle a jikinsu, wutar a hanya take zubewa.

Wanda na fi so ka kula da shi shi ne salansa, don nan aka taɓa yi mini dariya. Kana ƙarami na yi wata mota mai irin wannan hali. Na canza kwayil, na canza famfo, kafireta kuwa sau biyu ana wanke ta. Ran nan wani tsohon bakanike, ko bonet bai buɗe ba, ya zagaya baya ya kara tafin hannunsa kusa da bakin salansa ya ce in taka. Na taka. Ya ce in ƙara. Ya dube ni ya ce hayaƙin nan ko kyandir ba zai kashe ba. Ya sassauta notunan da suka haɗa bututun da inji, muka tayar, sai ga allura ta haye har sama da ƙara kamar jirgi. Ashe cikin tukunyar salansar ne ya ruɓe ya rufta ya tare hanya. Kayan da na cire duk lafiyarsu ƙalau, sun daɗe a cikin kwali ina ganinsu ina jin haushi.

In za ka samu aron agogon auna zuƙar inji, ba sai ka kwance komai ba. Lafiyayyen inji a silo yakan nuna tsakanin inci 17 zuwa 21. Riƙe injin a 2,500 a agogon inji, ka zuba wa allurar agogon zuƙar ido. In tana sauka a hankali alhali ƙafarka ba ta motsa ba, hayaƙi ne ke taruwa. In kuma sai ka sassauta bututun, ka yi a fili inda iska ke kaɗawa, na minti ɗaya ko biyu kawai.

Sai duk waɗannan sun wuce za mu yi maganar cikin inji, wato sifirin bawul da ya gaji, ko bel ɗin taimin da ya tsallake haƙori. Ka tuna mini, ba a bara aka canza maka bel ɗin nan ba? In tun daga lokacin ta fara wannan hali, a duba alamomin taimin kafin komai.

Ka rubuto mini abin da ka gani a maƙogwaron kafiretar. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara.

Mahaifinka