Wasiƙa zuwa ga Malam Isa a Abeche

Garwa, Kamaru

Assalamu alaikum Malam Isa. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya zafin Abeche?

Na duba awon TEM na neman ruwan burtsatse da ka turo, wato awon da ake aika wuta cikin zoben waya a kan ƙasa, a yanke ta, sannan zoben karɓa ya auna yadda ƙasa ta amsa. Kada ka ɗora wa na'ura laifi. Layin nan da ke rawa a mikrosakan na farko-farko, har yana faɗawa ƙasa da sifiri, rediyo ne ya shigo maka.

Kafin komai, kashe na'urar aika wuta, ka bar zoben karɓa a shimfiɗe, ka ɗauki awo haka nan. Duk abin da ya fito ba daga ƙasa yake ba.

Wani rediyon daga nesa yake zuwa: manyan tashoshin VLF, wato masu ƙananan mitoci sosai, kilohaz 15 zuwa 30, irin ta Rosnay a Faransa da DHO38 ta Jamus a kan 23.4. Da jiragen ruwa masu nutso suke magana, amma har nan muna jin su.  Waɗannan maimaita awo yana rage su, sai dai da haƙuri: sai ka ninka awo sau huɗu kafin hayaniyar ta ragu da rabi.

Na kusa ya fi sharri, kuma shi nake zargi tunda ka ce kuna gefen filin jirgi. Tashar NDB, mai yi wa jiragen sama jagora, mai buga sunanta da haruffan Mos tsakanin kilohaz 190 da 535, in ka matso jikinta takan cika amfilifaya, wato mai ƙara wa sigina ƙarfi, har ta ƙoshi ta daina bin siginar. To a nan ko sau dubu ka maimaita, ɓarna kake tarawa. Sassauta ƙarfin amfilifaya, ka sa filta mai yanke manyan mitoci, in ya ƙi ka naɗe wayarka ka ja baya. Amma filta tana lanƙwasa awon farko. In ba ka shigar da ita cikin lissafi ba, kwamfuta za ta zana maka shimfiɗar ƙasa a sama-sama wadda mai haƙa ba zai taɓa gani ba.

Mitar maimaitawa ka bar ta a haz 25 saboda wutar lantarkinmu mai haz 50, don hayaniyarta ta soke kanta. Ku fita bayan rana ta fito, don da dare siginar NDB ta fi cin nisa, da damina kuma walƙiyar yamma tana ƙara nata.

Turo min awon da ka ɗauka wuta a kashe. A gaida mutan gida.

Naka,
Garba